Jakar Goyo ta Kyamara: Ka Tafi Kasuwa da Kayanka

Idan za ka sayi jakar goyo ta kyamara, kada ka je wurin mai jaka hannu rabbana. Ɗauki kyamarar, da lens ɗin (gilashin da ake ɗaura wa a bakin kyamara) da ya fi kowanne tsawo a kayanka, da filasha, da laftof idan kana yawo da ita, ka kai su shagon. Mai jaka zai ce maka, "Maigida, wannan ai har kyamara uku tana ci." Ba ƙarya yake yi ba, shi dai bai san irin taka ba. Ni sana'ata hoto a nan Katsina, biki da suna da walimar sauka da hawa, kuma abin da nake fara gaya wa yaran da ke koyon aiki a wurina ke nan. Jaka ba a zaɓenta da ido, sai an loda ta an goya.

Kafin ka fita, shimfiɗa tabarma ka baje kayan duka, ka raba su kashi biyu: waɗanda ba ka zuwa aiki sai da su, da waɗanda sai jefi-jefi. Kashin farko za ka saya wa jaka. Babbar jaka ba ta yarda ta zauna da fili, kullum sai ka sami abin cusawa, kuma bayanka ne zai biya. Ga lissafin. Kyamarar Canon 5D Mark IV da batirinta giram 890 ce. Lens 24-70 mai f/2.8 ya ɗan haura giram 800, shi kuwa 70-200 mai f/2.8 kusan kilo ɗaya da rabi ne. Ka wuce kilo 3 ke nan, ba a sa filasha da batura da caja ba, ba a sa laftof mai kusan kilo 2 ba, ita kanta jakar kirki tana kai kilo 2 babu komai a cikinta. Kafin ka ankara kana goye da kilo 7 ko 8 daga ɗaurin aure har tashi daga dina. Mai kyamara ɗaya da lens biyu, jaka mai lita 15 zuwa 20 ta ishe shi. Mai kyamara biyu da dogon lens da laftof ya nemi lita 25 zuwa 30. Abin da ya wuce haka na tafiya ne, ba na yinin aiki ba.

Sai maganar da ta fi muhimmanci a wurina: ta ina jakar take buɗewa. Akwai mai buɗewa ta gaba, akwai mai ƙofa a gefe, akwai mai buɗewa ta ɓangaren da ke manne da bayanka. A ƙasarmu ta ukun nan ita ce jaka, saboda cunkoso da ƙura. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Soro ranar hawan Sallah ya san yadda ake matsewa, na baya na tura ka, dogarai na kora, hankalinka duk yana kan dawaki. A irin wannan wuri zif ɗin da ke waje kyauta ce ga 'yan sane. Idan kuwa zif yana tsakanin jakar da bayanka, babu mai kai hannu sai ya cire ta daga jikinka. Sannan in za ka buɗe, fuskarta kake kifawa a ƙasa, ɓangaren da zai koma kan farar shaddarka yana sama, bai taɓa turɓaya ba. Samfurin Flipside na kamfanin Lowepro a kan wannan dabara aka yi shi, kuma yanzu masu araha irin K&F Concept ma suna yin irinta.

Akwai wani amfani da ba ka gane shi sai a fili. A hawan Magajiya a Daura, idan dawaki suka taso a sukwane, ƙura takan turnuƙe har ka rasa ganin na kusa da kai, kuma a daidai lokacin ne za ka so sauya lens. Babu inda za ka ajiye jaka. Sai ka zare hannayenta daga kafaɗa ka bar bel ɗin ƙugu a ɗaure, ka juyo ta gaba ta kwanta a kan cikinka, ka juya wa iska baya, ka zuge zif rabi kawai. Bakin kyamara yana kallon ƙasa, ka kwance wancan, ka ɗaura wannan, ka rufe wa wanda ka cire murfinsa na baya, ka zura shi, ka ja zif. Ka gwada wannan juyin a cikin shagon da kayanka a ciki. Idan jakar ta rinjaya tana neman kifewa, bel ɗinta na ado ne, ka ajiye musu abarsu. Ƙofar gefe tana da daɗin zaro kyamara da sauri, sai dai ka tabbatar taka tana fita ba da kokawa ba, musamman idan ka ɗaura mata gidan batir na ƙasa.

Zif ne yake fara mutuwa a jikin jaka, kuma hunturu ke kashe shi. Duba jikin majayin ko za ka ga YKK, sunan wani kamfanin zif, shi ne wanda aka fi yarda da shi, ko da yake masu jabu ma sun iya buga haruffan. Don haka ka ja shi ka mayar sau da yawa, musamman a kwana, kuma jakar tana cike. Nemi mai kauri, wanda aka yi wa leɓen yadi ya rufe shi. Idan ya fara tauri, goge haƙoransa da tsohon buroshi ka shafa masa kyandir. Kada ka sa masa mai, ƙura yake tarawa.

Rigar ruwan da ke zuwa da jaka, wadda akan ɓoye a wani aljihu a gindinta, ka tabbatar tana nan kafin ka biya. Ruwan Agusta ba ya sallama. Amma ni a rani na fi morarta: duk lokacin da aiki ya kai ni ƙauye a kan babur, ko aka jefa jakata bayan mota zuwa Daura, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka, sai na lulluɓe ta, in na isa in kakkaɓe rigar kawai.

Ciki kuma, matsa soson da yatsa biyu. Idan yatsunka suka haɗu ba wahala, ba zai kare komai ba. Gindin jaka ya fi ko'ina bukatar kauri, domin nan ke dukan ƙasa duk sanda ka dire ta. Aljihun laftof ya tsaya sama kaɗan da gindin, kada bakinta ya riƙa sauka a kan siminti. Allunan soso masu raba ɗakuna su zama waɗanda ake ɓamɓarewa a sake musu wuri, kuma cikin jakar duka ya kasance mai kama su, ba layi biyu kawai ba. Shirya kayanka, ka rufe, ka girgiza jakar kusa da kunnenka. In ka ji ƙwas-ƙwas, wani abu na taɓa wani. Mafi nauyi ya kwanta kusa da bayanka, wajen tsakiya. Na fi son jakar da cikinta yake da haske, toka-toka ko ruwan lemo, don baƙin murfin lens a cikin baƙar jaka, a wurin kamu da aka ɗauke wuta, neman allura ne cikin ruwa.

Yanzu goya ta. Ɗaure bel ɗin a kan ƙashin ƙugu tukuna, sannan ka ja hannayen kafaɗa, sannan ƙaramin maɗaurin ƙirji. Idan jakar ta dace da tsawonka, za ka ji yawancin nauyin ya sauka a ƙugu, kafaɗa tana riƙe ta ne kawai kada ta yi baya. Kada ka ji nauyin mai shago, yi tafiya zuwa bakin layi ka dawo, ka durƙusa kamar za ka ɗauki ango da abokansa daga ƙasa, ka ɗaga hannu sama, ka zauna a kan benci. Zaman nan yana da dalili: doguwar jaka tana tokarar kujerar babur ta turo maka kai gaba, kuma tiraifod (ƙafafu ukun da ake kafa kyamara a kai) da aka ɗaure a gefe yana iya kama mota a cunkoson Ƙofar Ƙaura. Bayan jakar ya kasance da raga da hanyar iska a tsakiya, domin a watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, jiƙewa dai sai ka yi, amma da sauƙi. 'Yan'uwa mata masu ɗaukar kamu da walima su gwada ta a kan hijabin da suke aiki da shi, su duba ko maɗaurin ƙirjin yana hawa yana sauka, don wanda aka ɗinke wuri ɗaya takura ne.

Kuɗi kuwa, sabuwar Lowepro ko Manfrotto ko Think Tank ta asali tana tafiya ne da farashin dala. Gwanjo mai kyau ta fi sabuwar jabu nesa ba kusa ba, ko a Babbar Kasuwa ka same ta ko sai ka dangana da Kano. Sai dai gwanjo tana da nata binciken. Cusa hanci a ciki: warin rima alamar fumfuna ce, fumfuna kuwa idan ta shiga gilashin lens sai mai gyara, wani lokaci ma ta bar tabo. Shafa cikin yadin, in yana danƙo ko yana ɓarewa, abin da ke hana ruwa shiga ya mutu. Soso mai zubar da gari shi ma a bar shi. Ɗinkin da ya saki a inda hannu ya haɗu da jiki ba abin tsoro ba ne, shumeka zai kama maka shi, ka dai sa a rage kuɗin.

Wanda aljihunsa bai kai ba, akwai hanya. Sayi jakar makaranta mai ƙwari, ka nemi akwatin soso na kyamara da ake zurawa a ciki, ko ka kai wa baduku ma'aunin kayanka ya ɗinka maka. Tana ma da wata fa'ida: ba ta shelanta abin da ke cikinta. Ni ko ta asalin ce nakan rufe tambarin da baƙin salatif.

Mai hawa jirgi, ko daga filin Umaru Musa 'Yar'adua ko daga Kano, ya sani cewa kamfanoni da yawa kilo 7 suke ba jakar hannu, kuma baturan lithium na ko-ta-kwana dole su bi ka cikin jirgi, ba a sa su a kayan awo. Iyakar ƙarfin batiri da aka saba ita ce 100Wh, batirin yawancin kyamarori kuwa bai kai 20 ba.

Idan ka kai ta gida, jefa ƙananan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, saboda damina, kuma kada ka bar ta a but ɗin mota da rana. Mimorin da ka gama cikawa da hotunan bikin mutane kuwa, kada ka mayar da shi jakar. Sa shi a ɗan gidansa, ka jefa a aljihun gaban rigarka har ka isa gida ka kwafe.