Fansidar, Septrin da ƙwayar ƙarin jini: inda ake yawan kuskure a Katsina

"Malam, a ba ni Fansidar guda uku, zazzaɓi ya kama ni." Har gobe ana jin wannan a kemis-kemis daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa, alhali tun 2005 Najeriya ta koma kan magungunan ACT, wato haɗin magani mai sinadarin artemisinin irin su Coartem, wajen maganin zazzaɓin cizon sauro.

Ga dalilin. Ƙwayar maleriya ba ta hayayyafa a jini sai da sinadarin folet, kuma ita take haɗa abinta da wasu sinadaran aiki da ake kira inzayim. Magani biyu ne a cikin Fansidar: ɗaya ya toshe inzayim ɗin DHPS, ɗaya ya toshe DHFR, kamar a jefa tsakuwa cikin injin markaɗe. Mutum ba shi da DHPS sam, daga abinci yake samun folet ɗinsa, kuma DHFR ɗinsa ya bambanta da na ƙwayar. Shi ya sa maganin yake cin ƙwayar ya bar mai ita. To amma da aka daɗe ana shan sa barkatai, sai ƙwayar ta sauya siffar inzayim ɗin nata, maganin ya rage kamu. Yanzu aikinsa rigakafi ne. Mai zazzaɓi ya fara yin gwajin yatsa, in an ga maleriya a ba shi ACT.

Kuskuren da ya fi damuna na masu juna biyu ne, don ba kowa ya san da shi ba. A wurin awo ana ba mace Fansidar daga mako na 13, wata-wata, aƙalla sau 3. Sai ta koma gida ta sayi folik asid, wato folet ɗin da aka sarrafa, mai miligiram 5 tana sha kullum da sunan ƙarin jini. Ai ta miƙa wa ƙwayar abin da maganin ya hana ta! Wanda ya dace a haɗa shi ne mai miligiram 0.4. Yaya, duba lambar da ke jikin kwalin, ko ki nuna wa malamar asibiti. In likita ne ya rubuta miki mai ƙarfin don wata larura, kamar sikila, koma masa kafin ki canza komai.

Septrin ma, wanda maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, hanyar folet ɗin nan yake toshewa. Wadda ke shan sa kullum ba a ƙara mata Fansidar, haka yaron da ya sha Septrin cikin makonni 4 ba a ba shi maganin rigakafin maleriya da ake rabawa yara gida-gida da damina, don akwai irin Fansidar a cikinsa. Ki faɗa wa masu rabon gida-gida tun kafin su narka ƙwayar.

Shi wannan rabo na 'yan wata 3 zuwa 59 na kwana 3 ne. A gaban ma'aikata ake shan na farko, sauran biyun a hannun uwa suke, kuma nan ake sakaci: a soke su a bayan kwanon jere a manta, ko a raba da ɗan maƙwabta.

Coartem kuwa sau 6 ne cikin kwana 3, na biyu bayan awa 8. Jiki ya yi sanyi a rana ta biyu ba warkewa ba ce. A sha shi da madara, nono ko abinci mai maiƙo, don da maiƙo hanji yake tsotse shi sosai. In yaro ya amayar da shi cikin rabin awa, a sake ba shi wani.