Darasi na Tara: Sunan da Ke Jikin Kwalin Ƙwayar Tazarar Haihuwa

'Yar'uwa, ɗauko kwalin ƙwayar da aka sayo a saidaliyya, wato kantin magani, ki juya shi. A nan Saudiyya gefe ɗaya Larabci ne, ɗayan boko. A ƙarƙashin babban sunan da kamfani ya raɗa, kamar Microgynon ko Yasmin ko Marvelon, akwai ƙananan rubutu layi biyu. Yawancinmu babban sunan kawai muke riƙewa, wasu ma launin kwali. Yau ƙaramin rubutun za mu karanta.

Nemi wannan: ethinylestradiol. Da Larabci: إيثينيل إستراديول. Kada tsawonsa ya firgita ki, yanka shi gaɓa-gaɓa: e-ti-nil, es-ta-ra-di-yol. Maimaita har bakinki ya saba.

Jikin kowace mace yana yin wani sinadari da ake kira estarojin, wanda ke da hannu wajen tsara jinin al'ada da shirya mahaifa. Na jiki in an haɗiye shi, hanta kan narkar da mafi yawansa kafin ya yi aiki. A shekarar 1938 wasu masana biyu a birnin Balin na Jamus, Hans Inhoffen da Walter Hohlweg, suka yi masa ɗan ƙari domin ya jure wa hanta. Shi ne wannan etinil-estaradiyol, estarojin ɗin da aka haɗa da hannu. Ƙwayar farko da Amurka ta amince da ita don hana ɗaukar ciki a 1960, mai suna Enovid, wani ɗan'uwansa ne a cikinta, mestaranol, wanda hanta ke mayar da shi etinil-estaradiyol bayan an sha.

A cikin ƙwaya ba ya tafiya shi kaɗai. Ɗayan layin da kika gani sunan abokin aikinsa ne, daga dangin furojestin, wato kwaikwayon wani sinadarin daban da jikin mace ke yi. Su biyun suke hana ƙwan mace fitowa, abokin kuma ya kaurara ruwan bakin mahaifa.

Yanzu dubi lambar da ke gaban sunan. A Microgynon za ki ga 30 da alamar mcg, wato maikirogiram. A wani kwalin 0.03 mg aka rubuta, kuma duk abu ɗaya ne, domin miligiram ɗaya maikirogiram 1,000 ne. Enovid ta farko tana da maikirogiram 150 na mestaranol. Na yau yawanci tsakanin 20 da 35 suke, an rage ne bayan da aka gano cewa yawansa na sa jini ya daskare a jijiya.

Nan ne inda nake so mu tsaya. Wannan sinadari yana sa hanta ta ƙara yin abubuwan da ke daskarar da jini. Ga mafi yawan mata masu lafiya haɗarin ƙanƙane ne. Amma akwai waɗanda bai dace su sha ba: mai shan sigari da ta kai shekara 35, mai hawan jini, wadda jini ya taɓa daskare mata a ƙafa ko huhu, mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya ko duhu-duhu a ido, mai sankarar mama, da mai jegon da ke shayarwa ba ta cika sati 6 ba. Ko bayan sati 6, har jariri ya kai wata 6, an fi ba mai shayarwa ƙwayar da babu estarojin a cikinta, don kada nono ya ragu. Mai shan shisha ma ta faɗa wa likita, kada kunya ta hana ta.

Mu mazauna Makka da Madina da Jidda mun san abin da ke faruwa idan azumi ya kama ko Hajji ya gabato. Baƙuwa ta sauka daga Kano ko Maraɗi, tana tsoron al'ada ta hana ta ɗawafi, sai uwar masauki ta ciro katin ƙwayar nan daga jaka don a jinkirta al'adar ta ce, "Hajiya, sha wannan, ni ma shi nake sha." Niyya mai kyau ce, amma abin yana tayar min da hankali. Matar nan ta yi awanni a zaune cikin jirgi, ga zafi, ga ƙarancin shan ruwa, wataƙila ga hawan jinin da ba a taɓa aunawa ba. Ki raka ta wurin likita a auna ta, shi ne karamcin. Wadda kuma ke shan rifamfisin na tarin fuka, ko wasu magungunan farfaɗiya, ta faɗa, domin suna rage wa ƙwayar ƙarfi har ciki ya iya shiga.

Idan mai shan ƙwayar ta ji sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko ƙirji ya riƙe, numfashi na sarƙewa, ko kai ya sara mata irin wanda ba ta saba ba, kada a tsaya shafa man zafi. A kira motar asibiti a 997 nan take. Neman shawarar likita ta waya kuwa, lambar Ma'aikatar Lafiya 937 ce.

Aikin gida: kwafi sunan nan sau biyar a littafinki, da boko da Larabci. Sai ki duba kwalin da ke gidanki, ki rubuta lambar da ke gabansa. In 0.02 mg kika gani, maikirogiram nawa ke nan? Ki zo da amsar da kwalin ranar darasi mai zuwa.