Yadda ake ƙara matsin injin Yamaha Banshee ba tare da an kashe karanshaf ba

Banshee, babur ɗin nan mai ƙafa huɗu da Yamaha ta sayar a Amurka daga 1987 zuwa 2006, injinsa tu-sitirok ne mai silinda biyu, cc 347. Masu wasa da shi a tudun yashin Glamis na Kalifoniya sun daɗe da sanin cewa ɗaya daga cikin hanyoyi masu arha na ƙara masa ƙarfin fizga ita ce ƙara matsi, wato yadda fistin ke matse mai da iska a cikin silinda. Karanshaf, ƙarfen da fistin ke juyawa, shi ne ke shan wahalar, don haka shi za ka fara gyarawa, kan inji, wato murfin saman silinda, ya biyo baya.

Da farko auna matsin da kake da shi. Cire fulogi, ɗaura geji, buɗe totur gaba ɗaya, ka yi ta buga kik har allura ta daina hawa. Lafiyayyen Banshee da ba a taɓa ba yakan ba da psi (ma'aunin matsi) 120 zuwa 130 a ƙasa mai daidai da teku. A kan tsauni lambar tana sauka. Idan silinda ɗaya ta bar 'yar'uwarta a baya sosai, fistin da ringi ne suka gaji. Canza su tukuna.

Sai karanshaf. Na Banshee ba ƙarfe ɗaya ba ne, gunduwa-gunduwa ne aka danna su cikin juna da injin matsa, babu ƙusa babu walda. Da ƙarfi ya wuce abin da aka ƙera shi dominsa, sai gunduwoyin su fara zamewa: ko ya buɗe ta gefe har ya riƙa gogar kasko, ko ya murɗe, fistin biyun su daina hawa da sauka a kan lokacinsu. Maganin shi ne a raba injin, a ɗora karanshaf a kan ma'auni a miƙar da shi daidai da littafin kamfani, sannan a yi wa fil-fil ɗinsa walda. Mai waldar ƙofa ba zai iya wannan ba, zafi kaɗan ya wuce kima ya lalata boris ɗin konrod, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf. Tunda an riga an buɗe, sa sabbin boris da sil.

Yanzu kan inji. Ko a kai na asali a share masa fuska kaɗan, ko a sayi irin wanda ake canza masa ƙoƙon ƙonewa, cc 21, 20, 19. Mai canza ƙoƙon ya fi, a ganina, domin idan ka zarce za ka iya komawa baya. Ƙarfen da aka share kuwa ya tafi ke nan. Fara da babban ƙoƙo, domin ƙaramin ƙoƙo ya fi ƙara matsi. Yawancin makanikai suna tsayawa wajen psi 150 zuwa 160 idan man gidan mai za a sha, sama da haka sai man tsere mai oktan da yawa.

Kafin ka tayar, auna ratar da ke tsakanin fistin da kan inji. Lanƙwasa zaren dalma, zura shi ta ramin fulogi har ya taɓa bangon silinda, daidai saman fil ɗin fistin, ka juya injin a hankali ya latse shi. Ciro ka auna kaurin wurin da ya baje. Wajen milimita 1 ake nema.

Abin da ke cinye karanshaf da gaske shi ne man da ke fashewa da kansa maimakon ya ƙone a tsanake. Za ka ji ƙara siririya kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kuma kowane bugu yana sauka kai tsaye a kan boris ɗin konrod. Iskar da ke satar shiga inji tana jawo wannan. Saboda haka toshe bakin kabireta da salansa ka hura iska kamar psi 6, ka ga ta zauna minti 6 ba ta zuba ba. Ƙara girman jet, ƙofar mai ta cikin kabireta, gauraya fetur da man inji a 32:1, kada kuma ka matso da lokacin wutar fulogi gaba a rana ɗaya da ƙarin matsi. Bayan zagayen farko ciro fulogi: ruwan ƙasa lafiya, fari mai ɗigo-ɗigon alminiyam kuwa kashe injin ka koma babban ƙoƙo.