Yadda Ake Shirya Tafiyar Hidimar Yara a Ƙasar Waje

Kafin ka taɓa maganar fasfo, ka fara sanin wanda ya gayyace ka. Tafiyar mishan ta mako biyu ko wata guda ba ta tsinana komai in babu wata ikilisiya ko ƙungiya a can da ta ce tana neman hannu. Ka tambaye su ƙarara: wane aiki zan yi, a ƙarƙashin wa, kuma wa zai ci gaba da shi bayan na tafi? In suka yi inda-inda a tambaya ta uku, ka dakata.

Sai zaɓen wurin hidima, kuma a nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi yin tuntuɓe. Zuciya takan karkata ga gidan marayu, amma ƙungiyoyin kare yara irin su Save the Children sun daɗe suna nuna cewa yawancin yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya raba su. A ƙasashe kamar Kambodiya da Nepal an samu gidajen da ake tara yara domin kuɗin baƙi kawai, har ƙasar Ostareliya ta ɗauki wannan fatauci a matsayin bautar zamani a 2018. Wasiƙar Yakubu 1:27 ta ambaci marayu tare da matan da mazansu suka mutu, kuma a ganina ba banza ba: taimakon uwa taimakon ɗanta ne. Don haka ka nemi makaranta, asibiti, ajin makarantar Lahadi ko shirin tallafa wa iyalai, inda yaro zai koma gida da yamma.

Takardu kuma ba a yi musu gaggawar ƙarshe. Ƙasashe da dama suna so fasfo ya kasance da sauran wata 6 kafin ya ƙare. Ka tambayi ofishin jakadanci ko bizar yawon buɗe ido ta halatta aikin sa kai, domin ba ko'ina ba ne. Ka karɓi takardar 'yan sanda mai shaidar ba ka da laifi. Ƙungiyar da ba ta nemi wannan takarda ba, ita ma abar tuhuma ce.

Ka ga likita mako 4 zuwa 6 kafin tashi. Katin rigakafin cutar shawara (yellow fever) yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har iyakar rai. In ƙasar tana da zazzaɓin cizon sauro, ka tafi da maganin kariya da gidan sauro.

Wajen tara kuɗi, ka sanar da fasto da dattawan ikilisiya tun da wuri, ka rubuta kowane baiko, ka dawo da lissafi. Ka kuma samu mutum biyu ko uku da za su riƙe ka cikin addu'a.

Da ka isa, ka tuna baƙo ne kai. Malamar ajin ce mai aji, kai mataimaki ne ko da ka fi ta karatu. Kada ka kaɗaita da yaro a ɗaki, kada ka ɗora hotonsa a Facebook ba da yardar iyayensa ba, kada ka koya masa addini a ɓoye musu. Kyauta kuwa ka miƙa ta hannun shugabanni. Wanda ya taɓa fito da fensir 10 a gaban yara 40 ya san kukan da ke biyo baya.

Tun ranar farko ka gaya wa yaran ranar da za ka tafi. In wata ƙarama ta riƙe gefen rigarka tana tambaya ko za ka dawo, kada ka ce mata “eh” don ka share mata hawaye. Ka faɗa mata gaskiya, ka yi addu'a tare da ita, sannan ka kama hannunta ka kai ta wurin malamarta.