Yadda Ake Haɗa Kiɗan Jaz Na Nan-Take A Gaban Jama'a

Jaz kiɗa ne da ya taso daga baƙaƙen fatar birnin Niyu Olins na Amurka a farkon ƙarni na 20, kuma abin da ya bambanta shi shi ne makaɗi yana ƙirƙirar yawancin abin da yake kaɗawa ne a kan dandamali. Basakkwace bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba. Wanda ya saurari Narambaɗa da kotsonsa, ko Salihu Jankiɗi da taushinsa, ya san akwai gindin waƙa da ake komawa gare shi, akwai kuma ɗiya da jagora ke zubawa yadda ya ga dama. Ginin jaz ke nan.

Fara da tara mutane kaɗan. Huɗu ko biyar sun isa: mai ganga, mai gitar bas (gita mai kaurin murya), mai piyano, da mai busa saksofon. In akwai mai kalangu, a jawo shi, domin matsa tsarkiya da yake yi a hammata na lanƙwasa sauti kamar yadda masu busar jaz ke yi.

Kafin a hau, ku zauna ku yanke abu uku kawai: gindin da za a kaɗa, matakin sautin da za a hau, da saurin tafiya. Ga sababbin shiga, zagaye mai gaɓa 12 na bulus, wani tsohon salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, ya fi sauƙi. Kowace gaɓa bugu 4 ce, in an kai ƙarshe a sake dawowa farko. Jagora ya ƙirga ɗaya zuwa huɗu, kowa ya shiga, a kaɗa gindin sau biyu domin ya zauna a kunnen jama'a.

Daga nan sai rabon fili, inda aikin yake. Mutum ɗaya ya fito ya yi nasa, zagaye biyu ko uku, saura su rage hannu su tallafe shi. Mai bas da mai ganga ba sa sakin zaren ƙirga ko da sama za ta faɗo. Mai piyano ya riƙa jefa amshi a cikin ratar da mai busa ya bari, kada ya hau kan maganarsa. A ganina rabin jaz kunne ne. Na taɓa ganin wani matashi mai gita a wani ɗakin taro a nan Sakkwato, ya yi zagaye bakwai idonsa a rufe, zufa na ɗiga a kan wayoyin gitar. Tsohon da ke riƙe da kalangu ya sunkuyo ya ce masa, "Ɗana, bar muna hili mu ma mu sha iska." Buɗe ido, domin da ido da gyaɗa kai ake miƙa fili.

In an yi kuskure, kada a tsaya. Maimaita sautin da ya kuɓuce ɗin, ka zame zuwa na kusa da shi, sai a ɗauka da gangan ka yi.

Gab da ƙarshe a yi musayar gaɓa huɗu-huɗu da mai ganga: mai busa ya faɗi tasa, ganga ta mayar masa, kamar zambo tsakanin taubasai. Jama'a sun fi tafi a nan. Idan jagora ya dafa kansa da hannu, alamar a koma gindi ke nan a rufe.

Sai batun garinmu. A sa wasan bayan Isha'i, lokacin da zafi ya sauka kuma ba za a katse don salla ba. Da hunturu fatar ganga na ɗaurewa, sautin ya hau sama, don haka a sake daidaita ta ana gab da farawa. Janareta kuwa a kai shi bayan gini da doguwar waya, in ba haka ba ƙararsa za ta haɗiye bas ɗin gaba ɗaya.