Darasi na 6: Idan sauti yana tsinkewa a iyafis mara igiya

Ka saka iyafis ɗinka mara igiya, ka kunna karatu ko labarai, sai ka ji murya tana tsinkewa. Kalma ɗaya ta fito, ta biyu ta ɓace, a yi shiru na daƙiƙa guda sannan a ci gaba. Da yawa daga nan suke cewa iyafis ya lalace, su sayi sabo, shi ma ya riƙa yin haka. Kada ka yi gaggawar kashe kuɗinka. Fara gano inda matsalar take, kuma duk abin da za ka canza, canza shi ɗaya bayan ɗaya, domin ka san wanne ne ya yi magani.

Gwaji na farko ba ya cin minti biyu. Kashe Bluetooth, ka saurari abin nan da lasifikar wayar. In har yanzu yana tsinkewa, to iyafis ba shi da laifi: ko sabis ne ya yi rauni, ko abin da kake sauraro ne ya zo da matsala. Don ka tabbatar, kunna wani sauti da ke ajiye a cikin wayar, wanda ba ya buƙatar data. In kuwa lasifika tana fitar da sauti sumul, sai an koma iyafis ne yake yankewa, ci gaba da karatu.

Hanyar da ke tsakanin waya da kunne

Nan ne aka fi samun matsala. Bluetooth saƙon rediyo ne mara ƙarfi, yana tafiya a kan mita mai lamba gigahaz 2.4. A fili, inda babu abin da ya tare, yawancin iyafis suna kaiwa kamar mita 10 daga waya. Bango ɗaya yana rage wannan nisa sosai, balle ƙofar ƙarfe.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne jikin mutum ma yana tare saƙon, saboda akasarin jiki ruwa ne, ruwa kuma yana shanye irin wannan saƙon rediyo. Dubi wanda ya sa waya a aljihun baya na wando yana tafiya a waje. Duk sanda ya waiga, sauti ya yanke, ya juyo ya dawo. Amma da ya shiga ɗaki sai abin ya daina, wayar kuwa tana aljihun nan. Dalili: a cikin ɗaki saƙon yana bugun bango da rufi ya dawo kunne, a fili kuwa babu abin da zai dawo da shi, dole sai ya ratsa jiki. Saboda haka riƙe wayar a hannu, a gabanka, ka saurara na minti biyar. In tsinkewar ta tsaya, ka gano ta. Mayar da wayar aljihun gaba na riga, ko ka daina cusa ta ƙasan jaka tare da makullai da kwalbar ruwa.

Sai cunkoso. Wi-Fi ma yana amfani da gigahaz 2.4, haka na'urar ɗumama abinci ta maikirowef, haka iyafis ɗin duk wanda ke kusa da kai. Bluetooth yana da tashoshi 79, yana tsalle daga wannan zuwa waccan sau 1,600 a daƙiƙa ɗaya don kauce wa karo, amma in wuri ya cika maƙil da wayoyi, tsallen ba ya isa. Kashe Wi-Fi da hotsfot na wayarka ka gwada. In sauti ya gyaru, kuma na'urar Wi-Fi ɗinka tana da layin gigahaz 5, koma kansa. Cire agogon hannu mai Bluetooth na ɗan lokaci. Wasu iyafis suna haɗuwa da na'ura biyu a lokaci guda, misali waya da kwamfuta. Da saƙo ya shigo kwamfutar sai sautin wayar ya katse. Raba shi da ta biyun.

Caji da saiti

Iyafis da cajinsa ya kusa ƙarewa yakan fara yankewa kafin ya mutu. In kunne ɗaya ne kawai ke yi, duba 'yan ƙarafan caji da ke jikinsa da cikin akwatinsa. Gumi da dattin kunne suna rufe su, ka ɗauka ya yi caji alhali bai sha ba. Goge su da busasshiyar auduga, ban da ruwa.

Lura da lokacin da abin ke faruwa. In sai fuskar waya ta mutu ne sauti ke tsayawa, tsarin tattalin batir ne ke danne manhajar. Kashe shi, ko ka shiga saiti, ka zaɓi manhajar da kake sauraro da ita, ka ba ta damar amfani da batir ba tare da takura ba.

Daga nan sabunta haɗin. Shiga saitin Bluetooth, taɓa sunan iyafis ɗin, ka zaɓi inda aka rubuta Forget ko Unpair. Kashe wayar ka kunna, sannan ka haɗa su kamar sababbi. Kowane iyafis yana da yadda ake mayar da shi saitinsa na asali, galibi ta danne maɓalli na wasu daƙiƙoƙi, sai ka duba takardar da ta zo da shi. Akwai kuma wurin goge saitin sadarwa gaba ɗaya a waya, amma ka bar shi sai ƙarshe, domin yana share duk lambobin sirrin Wi-Fi da ka ajiye.

Saura abu ɗaya ga masu iyafis mai tsada a kan Android. Waya tana matse sauti kafin ta aika. Tsarin matsewa na SBC, wanda kowane iyafis ya sani, yana aika kamar kilobit 328 (ma'aunin yawan data) a daƙiƙa. Tsarin LDAC na kamfanin Sony yana kaiwa 990. Kaya mai yawa a hanya mai cunkoso, dole ya riƙa zuba. In manhajar iyafis ɗinka ta ba ka zaɓi tsakanin ingancin sauti da ƙarfin haɗi, ɗauki ƙarfin haɗi. Ga mai sauraron magana, da wuya kunne ya ji bambanci.

Kada ka haɗa wannan da dushewar murya lokacin kira. Da zarar makirfon ɗin iyafis ya fara aiki, Bluetooth yana komawa tsarin kira, wanda sautinsa bai kai na kiɗa ba. Haka aka yi shi, ba lalacewa ba ce.

In duk ka bi waɗannan bai daina ba, cika iyafis ɗin da caji, ka haɗa shi da wata waya, ka riƙe ta kusa. In ya yi lafiya a can, matsalar a wayarka take: sabunta manhajarta, in ta ƙi ka kai wa mai gyara ya duba eriyarta. In can ma yana tsinkewa, iyafis ɗin ne, sai ka mayar da shi in garantinsa bai ƙare ba.