Kurakuran da ke kashe fararen 'yan dunƙule a hannun masu kiwonsu

Duk wanda ya ɗaga dutse ko tsohon katako a lambu mai danshi a Turai ko Amurka zai tarar da wasu ƙananan halittu ruwan toka masu sulke a gadon baya, da an taɓa su sai su dunƙule kamar ƙwallo. Masana suna kiransu Armadillidium vulgare, masu kiwo suna cewa aisofod, ni kuwa 'yan dunƙule nake ce musu. Asalinsu yankin Bahar Rum ne, daga nan suka bi kayan mutane suka bazu a duniya. Babbansu bai kai santimita 2 ba. A cikinsu akan sami zabiya, fari sol ko mai ɗan ruwan madara, har kana hango layin hanjinsa ta bayansa. Waɗannan masu kiwo suka ware suka hayayyafa, yanzu ana sayar da su goma-goma a 'yar roba.

Idan suka mutu a hannun sabon mai kiwo, abin da yakan ce shi ne ai zabiya ba ta da ƙwari. Ban yarda da wannan ba. Farin yana rayuwa shekara biyu zuwa uku kamar ɗan'uwansa ruwan toka. Kusan kullum laifin yana cikin robar da aka zuba su.

Ruwa: inda aka fi yin ɓarna

Tushen kuskuren shi ne ɗaukarsu a matsayin ƙwari irin su kyankyaso. Ba ƙwari ba ne, ba kuma ƙadandoniya ba ne ko da yake ita ma tana naɗewa. Danginsu su ne ƙaguwa da jatan lande. Ƙafafunsu 14, kuma suna numfashi ne ta wasu fallaye da ke ƙarƙashin jikinsu ta wajen baya, waɗanda dole su kasance da laima. Fallayen nan suna bushewa, numfashi ya tsaya.

To da mutum ya ji haka sai ya zarce, ya ɗauki abin feshi ya jiƙe robar gaba ɗaya safe da yamma har ƙasar ta zama taɓo. Wannan ma kisa ne, domin a cikin 'yan'uwansu da ake kiwo, wannan jinsin yana cikin masu son wuri mai ɗan bushi da iska. Ga yadda ake yi: raba robar biyu. A gefe ɗaya, kamar kashi ɗaya cikin uku, tara gansakuka irin wadda ake sayarwa don shuke-shuke, ka riƙa zuba ruwa a nan kaɗai, ta gefen bango, ya gangara ƙasa. Sauran wurin bar shi a bushe da ganye a kai. Sa ɓawon itace mai faɗi ya ratsa tsakanin ɓangarorin biyu, su da kansu za su zaɓi inda ya yi musu. Idan ka damƙi ƙasar gefen danshin ta dunƙule ba tare da ruwa ya ɗiga ba, ka yi daidai.

Su ne ma za su gaya maka inda ka kuskure. Ka ga duk sun cunkushe a cikin gansakukar, robar ta bushe da yawa. Ka ga suna hawa bango ko sun taru a saman ɓawo da rana tsaka, ruwa ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Kada ka ajiye musu kwanon ruwa, ƙananan faɗawa suke yi su nutse. Ruwan famfo kuma a bar shi ya kwana a buɗe don kulorin, sinadarin da ake zuba masa, ya fita, in da ruwan sama mai tsabta ya fi.

Maganar iska tana tafiya da wannan. Waɗannan halittun ba sa fitsari, iskar amoniya suke fitarwa ta jikinsu. Roba mai murfi a rufe ruf tana tara wannan iska da tururi, sai ka wayi gari ka ga manyan suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya ba ka san dalili ba. Huda ƙananan ramuka a murfi da kuma gefuna biyu masu fuskantar juna, ramukan su fi yawa ta gefen bushi, sannan ka manna yadi mai laushi ko raga a kansu don kada tururuwa da gizo-gizo su shiga.

Abinci ba karas ba ne

Na sha ganin roba mai kyau, an shimfiɗa garin ɓawon kwakwa, an ɗora yankan karas guda a tsakiya, shi ke nan. Garin kwakwa yana riƙe ruwa amma babu abin ci a cikinsa. Ainihin abincin ɗan dunƙule busasshen ganye ne da ya fara ruɓewa, da ruɓaɓɓen itacen da ya yi fari ya yi taushi har kana murje shi da yatsa. Ƙasar da yake zaune a kai ita ma abinci ce. Saboda haka a haɗa ƙasar lambu wadda ba ta taɓa ganin takin zamani ko feshi ba, da dakakken ganye da wannan itacen, zurfinta ya kai santimita 7 zuwa 10, a rufe samanta da ganye har ba a ganin ƙasa. Ganyen na raguwa, a ƙara.

A Turai da Amurka ganyen bishiyar oak aka fi amfani da shi. Wanda ke ƙasa mai zafi yana da ganyen mangwaro da na gwaiba, waɗanda suka faɗo da kansu suka bushe. Zuba musu tafasasshen ruwa ka shanya kafin ka sa, don kashe abin da ya maƙale. Amma ka yi nesa da darbejiya. Sinadarin da ke sa ta kori ƙwari daga hatsi yana hana halittu masu sulke yin saɓa yadda ya kamata. Ganyen bishiyar turare da katako mai ƙanshi ko mai fenti su ma ban da su.

Karas, kabewa da kokwamba ƙari ne kawai, yanki kamar farce, sau ɗaya ko biyu a mako, a feraye ɓawon saboda feshin gona. Abin da ba su cinye ba bayan kwana biyu a cire. Wanda ke tula musu abinci funfuna yake kiwo da ƙananan ƙudaje. Suna kuma bukatar ɗan nama-nama, ɓarɓashin busasshen kifi marar gishiri ko abincin kifin ado, a sa a gefen bushi don kada ya yi wari. Idan wannan ya yi ƙaranci sukan far wa wanda ya yi saɓa jikinsa bai yi tauri ba.

Sai kalsiyam, wanda mutane da yawa ke mantawa. Da shi suke gina sulkensu. Ɓawon ƙwai da aka wanke aka shanya aka daka ya wadatar, a barbaɗa a kusurwa, kada ya yanke.

Yawan buɗe-buɗe da tsaftar da ta wuce kima

Mai son abu yana son ganinsa, na sani. Amma ɗaga ɓawo sau biyar a rana yana hana su sakewa. Ɗan dunƙule yana saɓa ne kashi biyu: rabin baya ya fara fita, bayan kwana ɗaya ko 'yan kwanaki rabin gaba ya biyo. A tsakanin nan yana kwance shiru, jikinsa taushi. A ruwan toka ana gane wannan da sauƙi domin launin rabi da rabi ya bambanta, a fari kuwa ido ba ya saurin kamawa, sai mutum ya zaci ya mutu ya jefar, ko ya ɗauka da yatsa ya ji masa rauni. Ka ga wani bai motsi, ba shi kwana ɗaya. Saɓar da ya bari kuma kada ka kwashe, cinyewa suke yi su mayar da kalsiyam ɗin.

Mace tana ɗaukar ƙwanta a wata jaka mai ruwa a ƙarƙashin cikinta har su ƙyanƙyashe. Idan aka firgita ta tana iya zubar da su kafin lokaci. 'Ya'yan suna fitowa kamar ƙwayar gero ko ƙasa da haka, da ƙafafu 12, sai bayan saɓa sauran biyun su fito. Wanda ya juye ƙasar robar duka don tsafta ya zubar da zuriya guda bai sani ba. Kashinsu ma suna komawa su ci wani sashe nasa. Sai bayan wata shida zuwa shekara, idan ƙasar ta koma gari-gari baƙi, za ka kwashe rabi ka zuba sabuwa, tsohuwar kuma ka ajiye ta a wata roba na 'yan makonni kana tsince ƙananan.

Zafi ba sa jure shi. Tsakanin digiri 20 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyas suke walwala, ya haura 30 na tsawon kwanaki sai asara ta fara. Robar da rana ta haska ta taga tana zama tanda cikin mintuna, balle ga halittar da ba ta da launin da zai kare ta, wadda dama duhu take so. Mai kiwo a wuri irin Kano ko Damagaram ya yi wa kansa hisabi kafin ya saya: in ba shi da ɗaki mai sanyi a bazara, gara ya haƙura. Da hunturu kuma danshi kan gudu cikin yini guda, sai a toshe wasu ramukan a riƙa duba gansakukar kullum.

Akwai kuskuren da ya fi ci min rai domin ni ya faru da ni. An yi feshin maganin sauro a ɗakin da robata take, murfin a rufe, amma ramukan iska suna nan. Kafin kwana biyu babu wanda ya rage, har da mata masu ɗauke da ƙwai. Feshi, turaren sauro, fiya-fiya, hodar kyankyaso, duk kada su haɗa ɗaki da su. In ka shafa man korar sauro, wanke hannu kafin ka taɓa ganyensu.

Yadda farin ke ɓacewa

Rashin launi ɓoyayyen gado ne, sai ɗa ya same shi daga uwa da uba duka yake bayyana. Ka haɗa fari da ruwan toka, yawanci 'ya'yan farko duk ruwan toka za su fito, a jikoki ne farin zai dawo, kusan ɗaya cikin huɗu. Mace kuma tana adana maniyyin namiji na tsawon lokaci, don haka farar da ta taɓa zama da ruwan toka tana iya ci gaba da haifar masu duhu bayan an raba su. Duk mai duhun da ya ɓullo a cire shi tun kafin ya balaga. Masu sayarwa suna da zabiya iri biyu, wadda suke kira T- mai fari sosai da T+ mai ɗan ruwan zuma. Kowacce da robarta.

Kada kuma ka ruɗu da jarirai. 'Ya'yan ruwan toka ma farare ake haifarsu, daga baya suke yin duhu. Duba ido da gilashin ƙara girma, in ka ga ɗigo biyu baƙaƙe ƙirin, da wuya ya zama zabiya. Fara da goma zuwa goma sha biyar don a sami maza da mata, ka kuma ba su wata biyu ko uku kafin ka sa ran ganin ƙanana.

Launi ɗaya ne abin tsoro. Idan wani ya rikiɗe ya zama shuɗi mai sheƙi ko ruwan shanshanbale, ba sabon iri ka samu ba. Ƙwayar cuta ce ta bairos da ta cika jikinsa, ba ta da magani, kuma tana yaɗuwa idan sauran suka ci gawarsa. Cire shi nan take, sa shi a firiza, ka zuba ido a kan sauran na 'yan makonni, kada ka ba kowa daga wannan robar. In kuma sun yi maka yawa wata rana, raba su roba biyu ko ka ba wani mai sha'awa, kada ka zubar da su a lambu, domin suna cin ƙananan tsirrai a wurin renon iri.